Duniya a Ƙarƙashin Kujera

Malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekarar 1154 Sharif Idrisi ya gama zana wa Sarkin Sisiliya surar duniya, bayan ya shafe shekaru yana titsiye fatake da matafiya da tambaya. Ni kuwa, ranar da na sayi na'urar nuna hanya a hannun wani dillalin motocin Kwatano, sai aka yi mini bushara cewa duniyar nan kaf tana shiga ɗan katin da bai kai farcen babban yatsa ba.

Ita na'urar ba ta rasa ilmi ba, domin tana sauraren taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kilomita 20,000 da ɗoriya, ta san inda take. Illa iyaka taswirar cikinta ta Jamus ce, saboda haka a Ƙofar Nassarawa sai ta nuna ni 'yar kibiya tilo a tsakiyar farin fili, tamkar wankakken allo.

Na sayo katin, wani yaro a kasuwar waya ya ɗura masa taswirar Nijeriya. Wajen sakawa ya suɓuce mini, muka duƙufa lalube a ƙarƙashin kujera, tsakanin ɓawon gyaɗa da ƙwallon dabino, tun la'asar sakaliya har aka kira magariba. Da Allah Ya ƙaddara aka same shi aka saka, baiwar Allah da ke magana a cikin na'urar ta umarce ni, cikin ladabi da cikakken yaƙini, in karya dama.

Dama kuwa kududdufi ne, har da agwagi.