Takardar Bin Bashi Zuwa ga Hajiya Korona

Zuwa ga Hajiya Korona,
duk inda kike.

Gaisuwa kaɗan, ba so, ba yarda. Bayan haka, na ji an ce tun ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ki daga kujerar annobar da ke ta da hankalin duniya, kin koma cin fansho cikin su mura da tari. Allah ya zaunar da ke a can. Sai dai kafin ki miƙe ƙafa, akwai bashin da mutanen Kano ke bin ki, kuma tunda babu ofishin da ya shigar da shi littafi, na ce bari in kawo miki lissafin da kaina.

Kada ki ce ban san girmanki ba, Hajiya. Ta jirgin sama kika zo, kika sauka Legas a ƙarshen Fabrairun 2020 a jikin wani Bature ɗan Italiya, shi ya sa muka ɗauka ke baƙuwar masu fasfo ce, babu ruwanki da mai tura baro a Sabon Gari. Da aka ce kin iso Kano ranar 11 ga Afrilu, har samari na yi miki ihu a titi wai babu ke. Kwana shida bayan nan kika ɗauke Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Nan dariya ta fara tsayawa a maƙogwaro. Duk wanda ya ga kin tsallake sojojin da ke gadin fadar, ya san ƙyauren langa-langa ba zai tare ki ba.

Ba bashin rayuka na zo bi ba, wannan yana hannun Mai Duka. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an lissafa mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano a wancan tsakanin, kuma ana kyautata zaton kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari da hannunki a ciki. An ƙirga waɗanda aka kai maƙabartun Dandolo da Abbatuwa. Waɗanda suka raka su, suka dawo gida ido ya ƙi rufuwa, su ne ba a ƙirga ba, kuma da yawunsu nake magana.

Ki fara da biyan barci. A waɗancan makonni gari ba ya wayewa sai waya ta kawo innalillahi: yau farfesa, gobe tsohon alƙali, jibi attajirin unguwa, har Sarkin Rano a farkon Mayu. Rediyo kuma na nanata cewa dattijai da masu ciwon suga da hawan jini kika fi so. Ina da maƙwabci mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ƙaton mutum mai murya, wanda in ya yi gyaran murya a zaure yaran layi ke watsewa. Wannan bawan Allah ya koma kwana da kwalbar turare a ƙarƙashin matashi. Tsakar dare sai ya farka ya buɗe ya shinshina, don ya ji an ce in kin shiga mutum hancinsa kike fara kashewa. In ya ji ƙamshi ya ce alhamdulillahi, ya kwanta, bayan awa guda ya sake tashi ya gwada, ko kin shigo bayan ya rufe kwalbar. In tari ya taso masa, banɗaki yake shiga ya toshe baki da hularsa, kada iyali su ji, kada maƙwabta su kira masu fararen kaya a kwashe shi zuwa Kwanar Dawaki a killace. Sannan ya zauna da waya a hannu har wajen sha biyun dare yana jiran hukumar NCDC ta saki alƙaluman ranar. Da safe in ka tambaye shi ya kwanan iyali, sai ya ce lafiya lau.

Amma inda kika fi nuna mugunta, ranki ya daɗe, shi ne da kika kawo ciwon kika kuma kulle ɗakin magani. Dokar kulle ta fara ranar 16 ga Afrilu, saura mako guda a ɗauki azumi. Ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara mana mako biyu, aka yi ta ƙari har farkon Yuli. Hukuma ta hana Juma'a na wani lokaci, ta hana taron tafsiri, Sallah ta zo babu hawa. Mu kuwa da jama'a muke jinyar zuciya. In an yi wa mutum rasuwa, tabarma ake shimfiɗawa a ƙofar gida kwana uku, wannan ya zo ya ce ya haƙuri, wancan ya zo ya tuno wani alherin mamacin, mata su cika tsakar gida da kwanuka, har mai makoki ya rasa lokacin da zai keɓe da zuciyarsa. Ke kika mayar da ta'aziyya saƙon waya mai layi biyu. Musabaha ta zama laifi. Bencin mai shayi, inda magidanci ke sauke rabin damuwarsa tsakanin gardamar Kano Pillars da zagin 'yan siyasa, aka kife shi. Ba wanda ya taɓa kiran majalisar nan asibiti, amma Allah kaɗai ya san mutum nawa ta hana zaucewa.

Sai maganar cefane. Ɗan adaidaita sahu, da ɗan dako, da mai gyaran waya a Farm Centre, duk abin da za a ci da dare da rana ake nemo shi. Da aka ga abin ya yi yawa, aka ce a fita Litinin da Alhamis daga ƙarfe goma zuwa huɗu. Ban san yadda aka yi aka shawo kanki ba, amma ga dukkan alamu kin yarda kina hutawa a waɗannan ranaku, domin duk Kano ce ke afkawa kasuwa lokaci guda, ƙirji da ƙirji, takunkumi a haɓa. Sauran kwana biyar kuwa, namiji na zaune a ɗaki 'ya'yansa na kallon hannunsa. Wannan kallon ya fi zazzaɓinki zafi. Namijin da kunya ta kama ba ya kuka, faɗa yake yi, kuma uwargida ce ke kwasa. Ita ma adashinta ya karye, babu yaron da zai fita da awara, ga buɗa-baki na jira. In an tarar da idonta ya yi ja a madafi, hayaƙi ne. Kayan tallafin da aka ce an tanada kuwa, sai a Oktoba jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da wasu garuruwa suka gan su jibge. Wannan ba a wuyanki yake ba, masu shi za su samu tasu takardar.

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekararki ta farko. Wasu ƙasashe suka ji suka buɗe layukan waya na ba da shawara. Mu kin same mu da likitocin ƙwaƙwalwa da ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, da dokar mahaukata ta 1958 wadda sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan wadda ta gaje ta, da kuma gari inda in aka ce wane ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau an gama da aurensa da na ƙannensa. To wa zai je? Sai mutane suka yi ta zarya kemis suna sayen maganin ulsa da na ciwon kai. Likitoci sun ce in ƙunci ya wuce mako biyu, mutum ba ya cin abinci, ba ya barci, abin da yake so a da ya fita kansa, to ciwo ne mai magani. Mu kuwa muka ce masa ya yi tawakkali, kamar dai mai tawakkali ba ya shan maganin zazzaɓi. Wasu har da cewa raunin imani ne, alhali a tarihin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, akwai shekarar da aka sa wa suna shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta.

Maƙwabcin nan nawa ba ki taɓa shi ba, ko atishawa bai yi da sunanki ba. Amma da aka buɗe kasuwa shi bai buɗu ba. Yaran shago na aiko da ciniki, yana ɗaki da labule a sake, ya rame, babbar riga na yawo a jikinsa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka ce ko sammu ne na abokan kasuwa. Sai da ƙaninsa ya yi masa dabara ya ce awon jini za a je, ya ajiye shi gaban likita. Ƙwayoyi 'yan ƙanana da zaman hira na watanni suka dawo da muryar zaure. Har yau cewa yake hawan jini ne ya kwantar da shi, mu ma muna taya shi faɗa.

Zan yi miki adalci guda, Hajiya: ba ke kika haifi damuwa a gidajenmu ba. Tana nan tun da can, fita kasuwa da hayaniyar biki ke rufe ta. Ke dai kin ja ƙofa kin bar mu da ita. Sai dai wanda ya riƙe ƙafa ai shi ma da rabonsa a fawa, don haka ba za a yi miki ragi ba.

Ga yadda za ki biya. Ba ma karɓar taliya, ba ma karɓar sabulun wanke hannu. Ki mayar wa kowane magidanci barcin da kika ci masa, dare da dare, ki biya matan da suka sha faɗan da ba su jawo ba, ki kuma biya zaman makokin waɗanda aka binne da mutum biyar a bayansu. Ƙannenki Delta da Omicron sun zo sun wuce ba su kawo ko sisi ba, don haka kada ki ce kin aiko ta hannunsu. Kuma don Allah kada ki bi ta hannun kwamiti, mun san inda ake kai kaya a rufe.

Wassalam.

Wanda bai yi kewarki ba,
wani magidanci, Kano.