Yadda Ake Godiyar Kaka a Unguwannin Gefen Yamai

Kaka tana shigowa Yamai ne a watan Oktoba, bayan ruwan sama ya ɗauke, gero ya nuna a gonakin da suka kewaye birnin. A unguwannin gefe, irin su Talaje, Bobiyel, Lazare da Saga, mafi yawan magidanta ba su taɓa hauya ba duk damina, amma godiyar kaka ta hau kansu kamar yadda ta hau kan manomi. Godiyar kuwa tana da ma'auni. Idan ta yi yawa tana jawo masu neman rance, idan ta yi kaɗan tana yanke buhun baɗi.

Ana farawa da gaisuwa. Idan maƙwabci ya ce, "Malam, yaya kaka?" amsar ita ce "Sai godiya," amma aikin yana cikin murya. Wanda ya faɗe ta da fara'a mai yawa zai ji sallama a ƙofarsa kafin magariba, an zo aron jika biyar. Wanda ya faɗe ta a sanyaye zai sa mata su fara tambayar ko wani ne kwance a asibiti. Gwanaye suna faɗin ta tsaka-tsaki, su ɗan yi shiru, su ƙara da cewa rayuwa dai ta yi tsada.

Babban sha'ani shi ne buhun da kawu ke aikowa daga ƙauye. Yakan sauka a tashar Wadata daga wajen Dogondutsi ko Filinge, da sunan mai shi a jiki an rubuta da gawayi ko alli. Ba a ɗauko shi da rana tsaka a bayan kabu-kabu, don idon unguwa ya fi sikeli iya awo. Bayan isha'i ake shigo da shi. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka, kuma uwargida ta san wannan lissafi, saboda haka magidanci ba ya gigin ɗiban tiya biyu ya kai wani gida a ɓoye. Da safe a kira kawu a waya. Sai an gaida shi da gajiya, an tambayi iyali, dabbobi da mai gari, sannan a ce, "Kawu, saƙo ya iso, Allah ya ƙara girma, Allah ya maimaita mana." Ba a ambaton kuɗin iri da na ƴan ƙwadago da aka aika a watan Yuni. Duk wanda ya zauna ya haɗa su zai tarar geron kawu ya fi na kasuwar Katako tsada, kuma wannan sani bai taɓa amfanar kowa ba. Masu hankali ba sa haɗawa.

Daga nan sai rabon maƙwabta, wanda kwano ke yi. Ana aika yaro da sabon gero ko ɗanyar gyaɗa, a ba shi tukwicin dala ashirin, kwano kuma ba ya komawa wayam. Gidan Zabarmawa zai mayar da shi da kopto, gidan Fulani da nono, gidan Hausawa da dambu. Wanda ya karɓa shi ma sai ya rama, har kwano ɗaya ya zagaye layi sau uku a mako. A wannan zirga-zirga ne murafe ke sauya gida, shi ya sa mace mai lura take rubuta harafin sunanta da jan farce a gindin kwano da kuma cikin murfi. Idan duk da haka ta ga murfinta a kan tukunyar maƙwabciya, ƙa'ida ita ce ta yaba kyansa, ta tambayi inda aka saye shi.

Akwai kuma noman kango, wanda ya fi ko'ina yawa a sababbin unguwanni, inda filaye ke shekara da shekaru an kewaye su ba a gina ba. Maigadi ne ke shuka gero, wake, kuɓewa da yakuwa a ciki. Idan kaka ta yi, yakan kai wa mai fili dami ɗaya, mai fili ya yi godiya, maigadi ma ya yi godiya, kowa yana ganin shi ne ya yi alheri. Zakkar amfanin gona ɗaya ce bisa goma idan ruwan sama ya shayar, rabin haka idan ban ruwa aka yi, kuma ba ta wajaba sai amfanin ya kai nisabi. Abin lura, a wannan wata kowa yakan zama masanin nisabi. Awakin unguwa dai sun riga sun ɗebi rabonsu tun gero yana ɗanye.

Godiyar maza ta taro a fada ake yin ta, a kan benci, ana jiran shayi. A kofin farko ana gode wa Allah da katanga ba ta faɗi ba, kuma mai taksi ya yarda ya sake shiga layin tunda taɓo ya bushe. A na biyu ana yabon soyayyar fara da yaji, ba tare da tuna abin da ta yi wa gonar wani ba. A na uku sai a koma kan sauro, wanda bai san damina ta wuce ba. Mutanen Harobanda da Saga, da suka ga ambaliyar 2020, suna da nasu tsari. Kogi yana cika sau biyu a Yamai: cikar damina a Agusta da Satumba, sai kuma ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini, wanda ke kai ƙarshen hawansa wajen Janairu ko Fabrairu. Don haka na bakin gaɓa suna ba da rabin godiyarsu a Oktoba, su ajiye saura.

Komawar yara makaranta ma a Oktoba take, sannan bukukuwan aure su biyo baya da ankonsu. Ba a gode wa waɗannan, biya kawai ake yi.

Mataki na ƙarshe ya shafi wanda ya rako buhu. Galibi ɗan kawu ne, saurayi mai lafiya, da ƴar jaka a kafaɗa. Ladabi ya ce a faɗa masa, "Ƙanena, ka huta kwana biyu kafin ka koma." Shi kuma cin rani ya zo, kwana biyun nan sai ruwan shuka ya sauka suke cika. Abin yi shi ne a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a nema masa kurar garuwa ko tebur a bakin titi tun makon farko, a kuma sanar da uwargida ta ƙara tiya ɗaya a awon mako. Bisa wannan ƙari, zuwa lokacin komawarsa ya cinye fiye da rabin buhun da ya kawo, kuma kuɗin motarsa a kan mai gida yake, tare da tsarabar sukari da sabulu ga kawu.