Ganyen Sifirin Huɗu da Guɗar Gwaggo

A Gyadi-Gyadi mai mota ba ya wahalar neman shawara, ita ke zuwa ta same shi. Ka tsaya a bakin Court Road ka ɗaga bonet, kafin ka lalubo tsumma mutum uku sun gano ciwon, na huɗu ya tafi kiran ƙaninsa bakanike. Tawa akori-kurar kuwa ciwonta a fili yake. Tsohuwar Hilux ce, kuma tun da na haɗa mata 'yar tirela mai taya biyu don ɗebo masara daga Dawanau, ta koyi zaman dirshan. Baya ya durƙushe, hanci ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannu saboda tayoyin gaba da ƙyar suke taɓa kwalta. Da daddare fitiluna na haska saman bishiyoyi da idon duk direban da ya taho ta titin Zariya, su kuma suna aiko mini da gaisuwar yatsu biyar.

Ɗan yayata ne ya fara kawo magani a waya. Wasu balan-balan ne na roba da ake ɗaurawa tsakanin aksul da shasi, irin waɗanda masu jan tirela ke sawa a Amurka. Ya ce, "Kawu, in ka yi lodi ka ƙara iska, in ka sauke ka sace ta." Da ya karanto kuɗin da dala na ce ya mayar da wayar aljihu kafin hawan jinina ya ji labari. Mai walda ya ce a yanko guntun tsohuwar tayar babbar mota a cusa a wurin, ba za ta sake zama ba har tashin duniya. Bakanikena ya shafa gemu ya ce, "Alhaji, ganye biyu za mu ƙara wa sifirin kowane gefe, magana ta ƙare."

Akwai wani dattijo da ke zama a bencin garejin, tsohon direba ne da ya ja Peugeot 404 tun zamanin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Shi bai ko leƙa ƙarƙashin motar ba. Ya ce, "Ɗana, buhu nawa kake ɗora mata?" Na faɗa masa a hankali don kada a ji. Ya ce irin wannan mota kimanin tan 1 aka yi ta ta ɗauka, wato buhu 10 mai kilo 100, kuma ni da yaron mota muna cikin lissafin. Ya ce wuyan tirela bai kamata ya danne gindin mota da fiye da kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar ba, ni kuwa na jibge buhunan duka a gaban tayoyinta. In rage lodi, in daidaita sauran a kan tayoyin tirelar, shi ke nan. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Shawararsa kyauta ce, saboda haka babu wanda ya ɗauke ta da daraja.

Muka nufi Ƙofar Ruwa. Mai kayan ya rantse ganyen ɗan Beljiyam ne, daga motar wata baturiya aka ciro shi, ita kuwa ko buhun gishiri ba ta taɓa ɗorawa ba. Aka sayo dogayen kusoshi masu kama sifirin da aksul, aka ɗaure, aka sauke jak. Motar ta miƙe, gindi a sama, tana wani tinƙaho kamar sabon ɗan dambe. Har mai shayin bakin gareji sai da ya taso kallo.

Aikinta na farko sai ya zo da biki. Aka ce in kai kayan ɗakin amarya daga Tarauni zuwa Hotoro: tangaran, madubi, kwanukan jere, kayan da duka nauyinsu bai kai buhu biyu ba. Gwaggo ta ce ba ta yarda da kowa ba, ita za ta zauna a baya ta yi gadi. Ashe sifirin da aka ƙara wa ganye ba ya lanƙwasawa sai ya ji nauyi, in babu lodi duk ramin da taya ta faɗa kai tsaye yake aika shi sama, tsohuwar shokozoba kuma ba ta da ta cewa. A tudun rage gudu na farko na ji an rangaɗa guɗa daga baya. Na ce madalla, biki ya yi albarka, na ƙara wuta. A na biyu guɗar ta zo da salati. Da na leƙa madubi sai na hangi Gwaggo a inda ya kamata in ga sararin sama, mayafi na gefe guda, takalmi na wani. Muka isa, aka kwance kaya, faranti goma sha biyu sun haihu sun zama tuli. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, uban wa ya ce maka raƙumi muka aike ka ka ɗauko?"

Na ce ba komai, ai don lodi aka yi aikin. A Dawanau 'yan dako suna ɗorawa ina kallon gindin motar, ko gezau. Suka ce, "Oga, a ƙara?" Na ce a ƙara. Sai da muka fara gangarowa daga gadar Dangi na taka birki, ya karɓi gaisuwata bai yi komai a kai ba. Tirelar da ba ta da birki ta dinga ingiza mu, tayar baya ta yi ƙarar bindiga, muka tsaya a karkace, buhu uku suka fashe. Ban san akwai awaki masu yawa haka a ƙaramar hukumar Tarauni ba sai ranar.

Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya fito da bayani. Tsofaffin Hilux suna da wani ɗan bawul da sanda ta haɗa shi da aksul, yana auna yadda baya ya sauka. In ya sauka sosai sai ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki. Tun da sifirin ya daina sauka, bawul ya ɗauka yawon shan iska muke yi. Ita kuma taya, iya nauyin da za ta ɗauka a rubuce yake a jikinta, ba a ƙara mata ko kilo ɗaya ba, haka aksul. Na ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko?" Ya ce, "Ai zama ka ce tana yi, Alhaji, kuma ta daina." Dattijon nan daga benci ya ce, "Sifirin ne kaɗai ke gaya maka gaskiyar lodinka, shi ka biya kuɗi aka toshe wa baki."

Aka cire ganyen, aka sa sabuwar shokozoba da taya, yanzu sawu biyu nake yi. Ganyen huɗu na sayar wa wani maƙeri, ya karɓa hannu na rawa, ya ce babu ƙarfen da ya kai na sifirin yin wuƙa mai kaifi. Gwaggo ta aiko a ba ta wuƙa ɗaya a matsayin diyyar tangaran. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta ɗauko ta ta hau wasawa a kan dutse, tana tambayata ya mota.