Injiniyan Unguwa

Tun yana firamare Malam ya zana masa kwamfuta a allo da alli: wannan linzami ne, wannan madannai. Shekara da shekaru ana haddace sassanta, ba a taɓa kunna ta ba. To, ina wutar? Sai ranar jarrabawar JAMB ya fara taɓa ta da hannu, gumi na tsatstsafo masa.

Yau ga shi a jami'a yana fama da Python, yaren kwamfuta da Guido van Rossum ya fitar a 1991. Waƙafi ɗaya da ya manta kan hana shi barci har asuba.

Gwaggo kuwa tuni ta yanke hukunci: ɗanmu ya zama mai gyaran waya. Duk hutu sai matattun wayoyin unguwa su taru a ɗakinsa, kuma kyauta ake so.