Bazazzagi Ya Sayi Majigi

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na gaishe ka daga Kano. Labari ya iso mana cewa ka sayi majigi ka kafa a falo, ka ce daga yau gidanka silima ne. Ranar buɗewa ka tara maƙwabta kallon ƙwallo, aka ci dambu, aka kora da zoɓo, aka kunna, sai kowa ya yi tsit. Can wani dattijo ya tambaya ko a Ingila ma ana hazo. Tun ranar kake zagaye Tudun Wada da Sabon Gari kana shelar wai wani Bakano ya cuce ka. To, gyara zama a karanta maka laifinka.

Ka haska hoton a bangon da ka shafe da koren fenti, kana mamakin yadda fuskar alƙalin wasa ta koma kore. Majigi haske yake watsawa, bango ya mayar wa ido, kowane launi bango ke da shi sai ya shiga hoton. Kuma babu majigin da ke haska baƙi. Baƙin da ake gani a hoto duhun ɗakin ne. Kai kuwa da la'asar sakaliya ka kunna, tagogi a wangale, don masu wucewa su shaida Bazazzagi ya yi arziki. Ka samo farin allo, ko bango fari mai santsi, ka saki labule mai kauri, rabin kukanka ya ƙare.

Sai zaman da ka yi wa majigin. Ka ajiye shi a kusurwa, ka tokare gabansa da ƙaton ƙamus ɗin Turancin nan da kake ajiyewa inda baƙi za su gani. Hoto ya fito sama faɗi, ƙasa a tsuke, kai kuma ka hau maɓallin gyaran kusurwa da danna. Maɓallin nan matse hoton yake yi, yana zubar da wasu ɗigonsa, gefuna su miƙe amma tsabtar hoto ta ragu. Ka kawo shi saitin tsakiyar allo ya zauna daram, sannan ka juya zoben da ke jikin gilashin gaba a hankali har rubutu ya fito raɗau. Ga gwajin da ba a biya: buɗe shafin saitunan majigin kansa. In rubutunsa ya fito tas amma wasan na dishi-dishi, to ka tuhumi wayar HDMI, ko dikoda, ko intanet ɗin da kake tsakurar data kamar mai awon gishiri. 'Yan wasan da ka ce duk sun rame sun yi tsawo kuwa lafiyarsu lau, ka bar saitin a 4:3 ne alhali hoton 16:9 ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shaidar da ɗanka ya bayar, cewa ya ga ka tofa wa gilashin yawu ka murje da gefen babbar riga. Haba, ɗan birnin ilimi! Gilashin nan akwai shafe mai laushi a kansa, ƙurar hunturu kuma yashi ce, in ka murza sai ta karce shi. A fara hure ƙurar, sannan a shafa da ƙyalle mai taushi irin na goge tabarau. Wancan mayafin ado da uwargida ta lulluɓa wa majigin kuma a ɗauke shi in yana aiki, a matsar da majigin daga jikin bango, a riƙa kakkaɓe matatar iskarsa. In fanka ba ta samun iska, zafi na ƙona wani siririn fefe da ke jikin allon LCD na ciki, sai tabo ruwan ɗorawa ya fito a hoto, yana faɗaɗa. Wannan tabon gogewa ba ta cire shi, sai an canza fefen.

Yanzu mu zo kan Bakanon da kake zagi. Ka ga an rubuta lumen 9000 a kwali, ka ji farashi, ka yi hamdala ka ruga kada mai kanti ya farga. Ma'aunin da masu abin ke dogara da shi sunansa ANSI: ana auna haske a wurare 9 a kan allo a fitar da matsakaici. A wannan ma'aunin, irin waɗannan ƙananan akwatuna galibi 'yan ɗaruruwa ne kawai, majigin falo na kirki kuwa yakan kai 2000 zuwa 3000. Haka 1080p ɗin da ka gani: cewa aka yi yana karɓa, ba a ce yana fitarwa ba. Na gasken ɗigo 1920 sau 1080 ne, sama da miliyan 2. A ƙasan kwalinka, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta 800 sau 480, wato 384,000, ko kashi ɗaya cikin biyar bai cika ba. Duk da haka ka ja shi baya don hoton ya cika bango, alhali in ka ninka faɗin hoto, haskensa komawa yake kashi ɗaya cikin huɗu. Araha dai ba ta ado.

Duk an rubuta wannan da Turancin da kuke yi mana taƙama da shi, ga Jami'ar Ahmadu Bello a bayan gidanku tun 1962. Ɗan uwana bai ɓoye komai ba, ka taya ya sallama.

Hukuncina ke nan: a yi wa bango farin fenti, a rufe taga, a rage hoton, a mayar da ƙamus kan kanta. In kana son babba na gaske, ka shigo Kano da kuɗi a aljihu in raka ka, ka yi shiru in yi ciniki. Ladan wannan shawara kuma a haɗa min shi da kuɗin sharar bana, kada watan cika-ciki ya wuce ban gani ba.