Yadda Ake Gadin Sabar Imel a Yankin Kura da Bunkure

Duk wanda aka ɗora wa kula da sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓar wasiƙun ofis tana miƙa su ga masu su, a wani kamfanin casar shinkafa ko ƙungiyar manoman rani masu shan ruwan madatsar Tiga, ya riga ya san ba a tunawa da shi sai ranar da takardar cinikin wani ta maƙale, don haka ba sai an koya masa kunna na'ura ba.

Shawara ta farko ita ce ya duba layin jira kafin ya amsa gaisuwar kowa. Layin jira shi ne ma'ajiyar wasiƙun da suka kasa fita, kuma a manhajar Postfix umarnin mailq ne ke nuna shi. Abin lura shi ne daɗewar wasiƙun, domin bisa tsarinta na asali manhajar takan yi ta gwada turawa har kwana 5 kafin ta mayar wa mai wasiƙa abarsa, alhali tumatirin da ake cinikinsa a kasuwar Kwanar Gafan ba ya jiran kwana 5.

Ta biyu, ya karanta lambar da sabar mai karɓar wasiƙar ta amsa da ita: mai farawa da 4 jinkiri ne, mai farawa da 5 kuwa ƙi ne ƙiri-ƙiri.

Ta uku ta shafi cikar ma'ajiya, kuma a nan ne rai ke ɓaci. A kowane ofis akwai ma'aikacin da zai ɗauki bidiyon gonarsa ya tura wa mutum arba'in, ya ga bai tafi ba ya sake turawa, sannan ya taso da kansa ya tsaya a kan mai gadin yana cewa, "Malam, intanet ɗinku ya lalace," bai san wasiƙunsa ne suka toshe hanya kamar yadda kachala ke toshe magudanar ruwa ba. Shi ne kuma mai kalmar sirrin da ba ta wuce lambar wayarsa ba, wadda idan ɓarayin intanet suka canka sai sabar ta kwana tana watsa wasiƙun damfara, gari ya waye Spamhaus, mai tattara sunayen adiresoshin da ake zargi, ta sa ofishin a baƙin jerinta. Ga shi tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman shaidar SPF ko DKIM, wato hujjar cewa wasiƙa ta fito ne daga inda ta ce, kafin ta amince da ita.

Ragowar shawarwarin, ko ta huɗu ce ko ta biyar, duk a kan wutar lantarki suke rataye, domin manhajar da aka ɗora don ta yi ƙararrawa idan sabar ta mutu tare suke mutuwa idan an ɗauke wuta, ga ƙurar hunturu da zafin Afrilu suna cin fankar na'urar. Masu ofis su sayi batir da sola, su sa ƙararrawar a wata na'ura dabam da ke wani gari, sannan su hana tura bidiyo ta imel.