Wai Yaran Yanzu Ba Sa Aiki

Duk inda mata uku suka haɗu a unguwar nan, ko gidan suna ne, ko layin markaɗe, ko bakin ƙofar Islamiyya ana jiran a tashi yara, kafin a watse sai an taɓo yaran yanzu. Hukuncin kuma ɗaya ne kullum: ba sa aiki. Wannan ta ce tata sai ta kira ta sau biyar kafin ta ɗago kai daga waya. Waccan ta ce nata in ya dawo makaranta, takalmi ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, riga kuwa sai an yi cigiya. Sai wata ta ja dogon numfashi ta ce, "Mu a lokacinmu wa ya isa?" Daga nan kowa sai ta zama jaruma. Ga wadda ta fara tuƙa tuwon mutum goma tana 'yar shekara tara, ga wadda take surfa tiya biyu kafin ta tafi makaranta. In kina jin labarin sai ki rantse ba a taɓa haihuwar malalaciya a ƙasar Hausa ba kafin zuwan wayar hannu.

To, a yi mini afuwa, akwai abin da ba mu faɗa a wurin. Yaron nan da muke kuka da shi, an yi lokacin da shi yake bin mu yana roƙon aiki. Ku tuna shi yana ɗan shekara uku. Kina shara ya zo ya kama tsintsiya. Kina wanki ya tsoma hannu cikin kumfa har gwiwar hannu. Kin zauna tsintar wake, ga shi ya durƙusa gefen faifai yana tsince masu kyaun yana zubarwa, yana bar miki tsakuwa. Me muke ce masa? "Tashi ka ba ni wuri!" "Kai, za ka jiƙa min kaya!" "Jeka ka kalli katun." Har wayar ma da hannunmu muke miƙa masa don mu samu mu gama da wuri. Haka za mu yi ta korarsa shekara da shekaru, sai ran da ya kai goma sha uku, ya yi tsawo, murya ta fara buɗewa, mu wayi gari muna salati wai bai san inda tsintsiya take kwana ba.

Ba na musun cewa aikin ƙaramin yaro ƙarin aiki ne. Shararsa kwashe datti ne daga nan a kai can. In ya yi wanke-wanke, rabin sabulu ya tafi, bayan kwano kuma maiƙo yana nan yana ƙyalli. Macen da ke da tukunya a wuta da goyo a baya ba ta da lokacin wannan. Amma iyayenmu ai sun fi mu aiki, kuma sun bar mu mun ɓata. Akwai 'yar guntuwar tsintsiya da ta tsufa, ta yara ce. Akwai ɗan ƙaramin bokiti da ake bin manya da shi rijiya, a dawo rabin ruwan a jiki. Tuwon ƙasa da muka yi a gwangwanin madara, da murhun tsakuwa uku da miyar ganye, ba wanda ya hana mu, har wata rana uwa ta ɗebo garin gaske ɗan cikin hannu ta ce a je a gwada. A ƙauye kuwa yaro da 'yar fartanyarsa yake bin uba gona, in ya tasa a yanka masa gayauna, abin da ya noma a ciki nasa ne. Wanda ya san gyaɗar da ya shuka ita za ta yi masa ɗinkin Salla, ba sai an tashe shi da bulala ba.

Sai dai kada mu cika yaba musu, su ma ba su da zaɓi. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Enid Schildkrout, ta zauna cikin birnin Kano a shekarun 1970 tana lura da aikin yara, ta rubuta abin da kowace tsohuwa ta riga ta sani: matan da ke cikin kulle da ƙafar yara suke tafiya. Yaro ne mai kai niƙa, shi ne mai sayo daddawa, shi ne mai kai saƙon haihuwa da na rasuwa, yarinya ce mai fita da tallar ƙosai ta dawo da ciniki. Gidan da babu yaro har aro ake yi a dangi. A 1976 aka buɗe shirin firamare kyauta na UPE, yara suka fara yini a aji. Yanzu kuma ga inji yana surfe da niƙa, ɗan ga-ruwa yana kawo ruwa har ƙofa, gas ya rage hura wuta a gidajen da suka samu hali, saƙo kuma waya ce ke kai shi. Larurar da ta sa aka koya mana aiki dole ta ragu. Wanda yake son ɗansa ya iya, yau sai ya yi niyya.

Kakanni kuwa suna da wata dabara da muka yar. Kaka ba ta ba da umarni, tsokana take yi. Za ta dubi jikanta namiji ta ce, "Maigida, yau ko ruwan alwala babu? To na fasa auren, miji ne ba ya ɗebo ruwa." Kafin ta rufe baki ya ruga da buta. Jika mace kuma kishiya ce: "Wannan sharar da kike yi, ai ni zan ƙwace mijin." Yarinya ta ɗaure fuska ta koma ta share har bayan randa don kada a kayar da ita. In an gama, tsohuwa ta kwance bakin zane ta fito da ƙuli-ƙuli ko alewa, ko a ba ka ƙanzon tukunya kai kaɗai sauran suna kallo. Sannan ta bi ka da addu'a: "Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka." Har yau akwai masu furfura da suke tuna wannan addu'ar.

Mu fa? Mun mai da aiki horo. "Tunda ka ƙi yin aikin makaranta, kai za ka wanke banɗaki." To yaron da aka nuna wa cewa wankin banɗaki sakamakon laifi ne, ran da bai yi laifi ba don me zai wanke? In kuma ya yi aikin, ba ma cewa sannu, sai mu zo duba: "Wannan ce sharar? Dubi ƙarƙashin kujera." Mu karɓe tsintsiyar mu sake a gabansa muna mita. Gobe in ya ce, "Umma, ai ke kika fi iyawa," bai yi ƙarya ba.

Ga kuma aiken da ke gangarawa. Uwa ta aiki babba, babba ta aiki mai bi mata, shi ya aiki na ƙasa da shi, har ya sauka kan auta. Auta kuwa shalele ne, ya fashe da kuka, uwa ta ce, "Ku ƙyale min shi," ta tashi ta yi abinta. Iyaye maza nasu salon daban ne. Malam yana kishingiɗe a kan tabarma, zai ƙwala wa yaro kira daga filin ƙwallo, yaro ya shigo yana haki, a ce masa, "Miƙo min rimot ɗin can." Rimot ɗin da in ya miƙa hannu zai taɓa shi.

Amma inda muka fi ba da dariya shi ne maganar 'ya'ya maza. "Bar shi, namiji ne." Ummi tana wanke-wanke, tana leƙa tukunya, tana jijjiga ƙani, yayanta yana kwance yana latsa waya, in ya ji ƙishirwa ma ita zai kira. In wata baƙuwa ta ga yaro da tsintsiya sai ta riƙe haɓa: "Haba Maman Abba, ɗan daudu za ki mai da shi?" Alhali a gidan nan, da safen nan, wanda ya share tsakar gida ya kwashe shara ya wanke bokitai almajiri ne, sa'an Abban, kuma ba mu taɓa jin an ce mazantakarsa ta ragu ba. Mai shayin bakin titi namiji ne. Mai tsire namiji ne. Mai wanki da guga da muke kai wa shaddar Malam namiji ne. Ashe namiji yana iya aikin, matuƙar dai ba ɗanmu ba ne, ko kuma matuƙar za a biya shi.

Sakamakon muna ganinsa. Yaro ya tafi jami'a ko bautar ƙasa, ya shekara yana cin Indomie da ƙwai, ya dawo duk ya rame, uwa tana cewa an yi masa baki. Ya yi aure, matar ta kwanta rashin lafiya, ga shi tsaye a kicin da waya a kunne: "Yaya, shinkafa ake fara zubawa ko ruwa?" Mu da muke cewa muna koyi da Manzon Allah (SAW), an tambayi Nana A'isha abin da yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa ne, in lokacin salla ya yi ya fita. A wata ruwayar ta ambaci ɗinke tufarsa da gyara takalminsa da kansa. Malaman Islamiyya suna karantar da wannan, yaranmu suna haddacewa su ci jarrabawa, su dawo gida su tsallake tsintsiya.

Abin da namiji ya bari kuwa ba ɓacewa yake yi ba, kan 'yar'uwarsa yake sauka. A 2016 UNICEF ta fitar da rahoto cewa a duniya 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna ɓata lokaci a aikin gida fiye da sa'anninsu maza da kashi 40 cikin 100. Mu ba sai an kawo mana lissafi ba, mu leƙa tsakar gidanmu. Yarinya ta tashi da asuba ta yi shara da wanke-wanke, ta yi wa ƙanne wanka, ta isa boko a makare a tare ta a ƙofa. Ta dawo da azahar ta tarar da kwanuka, la'asar ta tafi Islamiyya, magariba ta kama girkin dare. In ta yi gyangyaɗi a kan littafi mu ce ba ta da kai. Ma'aunin da UNICEF ɗin ke amfani da shi yana cewa yaron da bai wuce shekara 14 ba, in aikin gidansa ya kai awa 21 a mako, wato awa 3 kullum, ya tashi daga taimako ya shiga aikin da ya fi ƙarfinsa. Jarkar nan mai lita 25 da muke ɗora wa 'yar shekara goma, ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne.

A gidan masu hali kuma abin juyawa yake yi. An ɗauko 'yar aiki daga ƙauye, ita ma yarinya ce, 'yar gida ba ta taɓa ko cokali. Sai an sa ranar aure hankali ya tashi, a nemi mai koyar da girki a Instagram, a yi wata guda ana fama da miyar kuka tana gudaji. An manta ba a fafe gora ranar tafiya. Nana Faɗima da kanta ta yi niƙa har hannunta ya yi kanta. Kuma ko wannan barazanar da muke yi kullum, "Haka za ki je gidan miji?", ni ba ta gamsar da ni. Yarinya ta iya girki don za ta ci abinci, kamar yadda yayanta ma zai ci.

Akwai wani gida a layinmu da 'ya'yan duk maza ne, huɗu. Uwar ba ta da wadda za ta jibga wa aiki, dole ta raba musu. Babban yana tuƙa tuwo, na biyu yana jajjage da kaɗa miya, ƙananan su ne shara da wanke-wanke, duk Asabar a yi canji. Da farko an yi ta yi musu dariya. Yanzu in uwar ta tafi biki Zariya kwana biyu, ba ta roƙon kowa ya miƙa musu abinci, su kuwa masu dariyar har cewa suke da ma a ba su ɗaya a suruki.

Ku kuma iyaye maza da kuke karanta wannan a majalisa kuna murmushi, kuna cewa yau mata aka yi wa, ku sani yaron nan ku yake kallo, ba uwarsa ba. Duk faɗan da za ta yi, in bai taɓa ganin babansa ya kau da kwano ba, shi ma ba zai kau ba. Malam, daren yau in ka gama cin tuwo, ɗauki kwanonka ka kai madafa da kanka, kuma ka tabbata Abba yana gani.